Ɓerayen Gindin Rumbu

Mausritter wasa ne da kowane ɗan wasa yake zama ɓera a cikinsa, ɓera mai tafiya da ƙafa biyu, da jaka a baya, da allurar ɗinki a hannu a madadin takobi. Wani ɗan Ostareliya mai suna Isaac Williams ne ya ƙirƙiro shi, ya fara fitar da shi a 2019. Har yau ana iya sauke littafin dokokinsa daga intanet ba tare da biyan ko kwabo ba, sai dai wanda ya ga dama ya ba da abin da ya sawwaƙa. Littafin bai kai shafi 50 ba, kuma akasarinsa na mai jan ragamar wasan ne. Abin da ɗan wasa yake bukatar sani bai wuce 'yan shafukan farko ba.

Shi muke yi ni da 'yan'uwana duk daren Asabar bayan isha'i, ta waya. Ni ina Zariya. Yayata tana Maraɗi inda take aure, tana shigowa tare da 'yarta mai shekara tara. Autanmu yana bautar ƙasa a kudu. Taubashina, ɗan kawuna, yana karatu a Alƙahira, kuma shi dare ya fi yi wa nisa don agogonsu yana gaba da namu. Yarinyar Faransanci ake koya mata a makaranta, Auta Turanci ya yi, taubashina Larabci yake sha safe da yamma, littafin kuma da Turanci aka rubuta shi. Ni kaɗai na karanta shi. Wasan kansa da Hausa yake gudana daga farko har ƙarshe.

Wanda bai taɓa ganin irin wannan wasa ba zai ɗauka gem ne na danna allo. Magana ce zalla. Mutum ɗaya, jagora, yana bayyana wuri da abin da ke faruwa a cikinsa. Sauran kowa yana riƙe da mutum guda na cikin labarin, yana faɗin abin da mutumin nan zai yi. Idan abin da ya yi niyya yana da haɗari, sai a jefa dayis a ga yadda za ta kaya. Kamar tatsuniya ce da aka raba wa masu sauraro Gizo da Ƙoƙi da kura, aka ce kowa ya yi magana da bakin nasa, har mai ba da labarin ma bai san inda za ta ƙare ba. A Amurka salon ya samo asali, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974. A kewaye da tebur ake yin sa, da takarda da fensir. Daga baya shafuka irin su Roll20, wanda aka buɗe a 2012, da manhajar Discord da ta zo a 2015, suka sauƙaƙa wa mutanen da ke nesa da juna.

Ina son Dungeons & Dragons, amma littafin ɗan wasa na bugun 2014 shafi 320 ne. Ba zan miƙa wa matar da ta yini tana hidimar gida wannan ba in ce ta karanta kafin Asabar. A Mausritter kuwa, haɗa ɓera bai fi shan shayi ɗaukar lokaci ba. Siffofi uku gare shi: ƙarfin jiki, zafin nama, da ƙarfin zuciya. Kowacce za ka jefa mata dayis uku irin na ludo, ka ajiye mafi ƙanƙanta gefe, ka haɗa biyun da suka rage. Sai ka jefa ɗaya don makin kariya, wato dūkan da ɓeranka zai iya kaucewa kafin a taɓa lafiyarsa, ka jefa wani don 'yan kuɗin da ke aljihunsa. Waɗannan lambobi biyu na ƙarshe su ne kuma suke nuna maka sana'arsa a cikin wani jadawali mai sana'o'i 36. Auta ya fito maƙeri, da guduma da magagari. Taubashina ya fito mawaƙi, nan take ya ce shi maroƙi ne, kalangunsa na ɓawon gyaɗa. Yarinyar ta fito makiyayiyar ƙwaro, aka ba ta sanda da ƙwaro guda mai biyayya, ta ce buzuzu ne, ta raɗa masa suna Ɗan Lami. Yaya ta fito mai tsince-tsince a kicin, da 'yan tukwane da garkuwa, da makin kariya 1, mafi ƙaranci da ake iya samu.

Dokar da ta fi kowacce muhimmanci ita ce ta gwaji. In ɓeranka zai yi abu mai haɗari, za ka jefa dayis mai fuska 20, kuma sai lambar da ta fito ta yi daidai da siffarka ko ta gaza ta kafin ka tsira. To siffar sabon ɓera tsakanin 2 da 12 take, galibi kusa da 8. Ma'ana, in aka jefa sau goma, ɓera na tsaka-tsaki sau huɗu kawai zai yi nasara. Da gangan aka yi haka. Littafin da kansa yana gaya wa 'yan wasa cewa dayis abin tsoro ne, kuma dabara mai kyau ba ta bukatar a jefa mata komai. Wannan ne ya sa nake ganin wasan ya dace da sabon shiga fiye da duk wanda na sani. Wanda ya haddace dokoki bai fi kowa ba a nan. Wanda ya fi shi ne mai yawan tambaya, mai iya hango tsakar gida daga tsayin ɓera.

Duniyar da ke cikin littafin ta karkarar Turai ce, da itatuwansu da cukunsu da tsofaffin gonakinsu. Tana da kyau, amma na san mutanena ba za su iya ƙirƙirar dabara a wurin da ba su taɓa gani ba. Sai na zana mana gari a ƙarƙashin rumbun gero na wani tsohon gida, muka sa masa Gindin Rumbu. Akwai ƙadangare a kan katanga wanda yake gyaɗa kai ga duk abin da aka faɗa masa, ba ka sanin ya yarda ko bai yarda ba. Akwai gafiya 'yar kasuwa a bayan banɗaki, ba ta ba da bashi. Akwai kwaɗo a gindin randa mai jin duk gulmar gidan. Akwai kuma kyanwa.

A dokar wasan, ɓera ɗaya ko huɗu ba sa iya yi wa kyanwa komai. Sai an tara runduna ta mayaƙa 20 kafin dūkan ɓeraye ya fara tasiri a jikinta. Don haka da damina ta sauka a labarinmu, ruwa ya toshe rariya ya koma ya cinye ajiyar garin, aka tura ɓerayenmu huɗu su samo abinci daga siton gidan, na sa kyanwar ta kwanta daidai bakin ƙofar. Na shirya tsere. Na rubuta inda za su ɓuya, da inda za ta tare su, da gwajin da kowa zai yi.

Auta ya ce a ruga a guje kawai. Taubashina ya ce shi zai tsaya a baya yana yi musu kirari. Yaya ba ta ce komai a kan shiri ba, sai tambayoyi.

"An gama tuwon dare?"

Na ce an gama, murhu ya fara hucewa.

"Matar gidan ta kwanta, ko fitilarta na kunne?"

Na ce na kunne.

"To me aka bari a waje? Ba gidan da ba a barin wani abu a waje."

Ban shirya wannan ba, amma tambaya ce ta gaskiya, sai na ce akwai ƙwaryar nono a kan turmi, an rufe ta da faifai.

Ta ce, "Shi ke nan. Auta, kawo zarenka. A gidan da ke da kyanwa, duk abin da ya zube da dare ita ce ta zubar."

Ɓerarta ta hau turmin ta bayansa, inda kyanwa ba ta gani, ta ɗaura zare a bakin ƙwaryar, suka ja shi har bayan randa. Gwaji ɗaya kawai na nema, na ƙarfin jan zaren, kuma tun da su huɗu ne da buzuzu na ba su damar da doka ta tanada: a jefa dayis biyu a ɗauki mafi ƙanƙanta. Ƙwarya ta kife. Kyanwa ta tashi ta sa baki a nono. Matar gida ta fito da fitila ta same ta dumu-dumu, ta bi ta da muciya, ta kulle ta a zaure har safe. Ɓeraye suka shiga sito suna tafiyar ƙasaita, taubashina yana kaɗa kalangu da bakinsa a cikin waya, yarinyar tana dariya har sai da uwarta ta ce ta rage murya kada ta ta da ƙaninta.

Yaya ba ta taɓa yin wani gem ba a rayuwarta, ludo ma sai an matsa mata. Ɓerarta ce mafi rauni a cikin huɗun. Abin da ta shigo da shi sanin gida ne: inda kyanwa take kwanciya, abin da ake mantawa a waje, da wanda ake zargi in an ji ƙara. Wasan ya karɓi wannan sanin a matsayin ƙwarewa. Da mai nauyin dokoki muka ɗauka, da tana can tana tambayata wace lamba za ta duba a takardarta, kuma na san da ba ta dawo mako na biyu ba. Tun daga daren nan na rage shirya yadda abu zai ƙare. Ina shirya wuri ne da kyau, in san abin da ke kan kowace kanta da bayan kowace ƙofa, in bar musu sauran.

Sauƙin dokokin bai hana ɓera shan wuya ba. A cikin siton, bayan wani buhun masara, na ajiye kunama. Ba ta cikin littafin, ni na ƙara ta. Auta da makin kariyarsa 2 ya ɗaga guduma ya afka mata. A wannan wasa ba a gwada ko dūka ya samu, kullum yana samu, illarsa kawai ake jefa wa dayis. Harbinta ya fito 5. Biyu suka cinye kariyarsa, uku suka sauka a kan ƙarfin jikinsa, ya yi gwaji ya faɗi, ɓeransa ya zube sumamme. Ɗan Lami ne ya jawo shi da ƙafa zuwa bayan gwangwanin manja, Yaya ta yi jinyarsa.

A nan wata dabara ta wasan ta fito wadda nake matuƙar so. Kowane ɓera gurabe goma gare shi na ɗaukar kaya: biyu a hannuwa, biyu a jiki, shida a jaka. Rauni da yunwa da gajiya da tsoro su ma kaya ne, kowannensu yana cin gurbi guda. Jakar Auta cike take da ganima, ga kuma rauni ya zo yana neman wuri. Ko dai ya yar da wani abu, ko ya yi nauyin da ba zai iya gudu ba. Aka shiga gardama: ƙuli-ƙuli za a bari, ko ƙullin daddawa, ko magagarinsa na sana'a? Taubashina ya ce a bar Autan a ɗauki ƙuli-ƙulin. Auta ya ce, "Yaya, kina jin sa ko?" Ta ce, "Ina ji. Ajiye daddawar, warinta zai sa a bi sawunmu." Ko yaro ɗan shekara tara ya fahimci abin da rauni ya jawo ba tare da an yi masa lissafi ba, domin yana ganin takarda ta hau gurbin da abinci yake.

Ta fuskar na'ura, mun gwada Discord da farko saboda yana da manhajojin jefa dayis a cikin hira, amma muka koma kiran murya na WhatsApp, wanda kowa yake da shi kuma ya saba. Ba ma kunna kyamara, data ba za ta ɗauka ba. Dayis mai fuska shida kowa ya ciro daga kwalin ludon gidansa. Mai fuska 20 kuwa, in ka rubuta wa Google "roll d20" zai jefa maka. Kowa yana faɗin abin da ya samu, mu kuma mu yarda. Taswira da biro nake zanawa in ɗauki hotonta in tura. Guraben kaya kowa ya ja layi goma a takarda, ya yayyanka ƙananan takardu ya rubuta sunayen kayansa. Shafin wasan yana da wurin da zai haɗa maka ɓera da dannawa ɗaya, amma yarinyar ta fi son ta yanka da almakashi ta yi musu kala. In sabis ɗin wani ya yanke, ko aka ɗauke wuta wayarsa ta mutu, dokarmu ita ce ɓeransa ya tsaya gadin baya riƙe da fitila, ba abin da zai same shi har ya dawo.

Abin da ya fi na'ura wuya shi ne rabon magana. A zaune wuri ɗaya kana ganin wanda ya buɗe baki zai yi magana aka riga shi. A waya ba ka gani. Murya tana makara, mutum biyu su fara tare, su yi shiru tare, mai kunya kuma ya ɓace gaba ɗaya. Auta da taubashina za su iya cika sa'a guda su biyu. Saboda haka duk lokacin da na bayyana sabon wuri, yarinyar nake fara tambaya, da sunan ɓerarta, kuma tambaya ƙarama: me kika fara gani, ina Ɗan Lami ya nufa? In na ce "me za ku yi?" manya ne za su amsa. In na kira suna, kowa yana jira. Ba ma wuce sa'a ɗaya da rabi, don kunne yana gajiya da sauraro fiye da yadda ido yake gajiya da kallo, kuma gara a tashi ana son ƙari.

Ita ce ma ta kafa mana yadda ake buɗewa. Ta ce, "Kawu, ai ba a fara labari haka." Yanzu sai na ce ga ta nan ga ta nanku, muryoyi huɗu daga ƙasashe uku su ce ta zo mu ji ta, kowacce da makararta. Amma ta hana a rufe da ƙurunƙus kan kusu. Ta ce kan ɓerarta ba zai ƙurunƙus ba.

Akwai abin da muka cire, kuma gara in faɗe shi don masu son gwadawa da iyalinsu. Littafin yana da sihiri, wasu alluna na dutse da ɓera yake amfani da su, kuma a cikin sana'o'in nan 36 akwai boka da ɗan caca da mai dafa giya da mai bautar jemage. Akwai kuma alamar haihuwa da ake danganta halin ɓera da ita. Da na karanta wa Yaya jerin, ta ce ba ta son 'yarta ta taso tana wasa da waɗannan. Na ga gaskiyarta. Muka ce duk wanda ya faɗa kan irin wannan sana'a ya sake jefawa, allunan muka bar su a littafi, halin ɓera kuma kowa ya zaɓa da kansa. Wasan bai ragu da komai ba, domin ƙarfinsa yana cikin zare da allura da murfin kwalba. Ta kuma tambaye ni batun dayis tun ranar farko. Na bayyana mata yadda yake: ba a sa kuɗi, ba wanda yake cin wani, duk 'yan wasa ɓangare ɗaya suke, ni ma jagora ba abokin hamayyarsu ba ne. Ta saurara, ta yi shawara da maigidanta, sannan ta shigo. Kowane gida zai auna wannan da kansa.

Mutuwa ma mun yi magana a kanta. A doka, in ƙarfin jikin ɓera ya kai sifili ya mutu, sai ka haɗa sabo. Manyan sun ce a bar musu haka, haɗarin ne yake sa su yi tunani. Ita yarinyar muka ce in ta kai ga haka, ɓerarta za ta koma gida jinya ne ta huta da yawo, ƙanwar ɓerar ta gaji sandar da buzuzun. Ba na ganin wannan a matsayin lalata wasa. Littafi bai san wanda ke zaune a ɗaya gefen wayar ba, ni na sani.

Ganimar da ɓeraye suka dawo da ita gida lafiya ita ce take zama makin ci gaba, kuma sai an tara 1000 ake hawa mataki na biyu. Akwai ƙarin maki ga wanda ya kashe dukiyarsa a kan amfanin gari, 1 a kan kowane 10. A sito sun tsinci ɗan kunnen zinariya da ya faɗa bayan buhu, gafiya ta saya da tsada bayan ciniki mai zafi da taubashina. Auta ya so a sayi sulke. Yarinyar ta ce a gina katanga a bakin rariya kada ruwa ya sake shiga gidajen mutane, kuma ba ta san da ƙarin makin ba lokacin da ta faɗa. Aka gina, da tsakuwa da laka da murafen lemo.

Yanzu rigimar da ke gabanmu ta kyanwa ce, kuma ta fita daga daren Asabar ta shiga saƙonnin murya na tsakiyar mako, kowa yana magana da muryar ɓeransa. An sake ta daga zaure, ta kuma san wanda ya ja zaren. Auta yana son a tara mayaƙa 20 a kore ta daga gidan, yana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Yaya ta ce sam. In kyanwa ta bar gida, matar gida tarko za ta kawo da shinkafar ɓera, kuma da kyanwa ana iya sanin lokacin barcinta, guba kuwa ba ta barci. Taubashina ya ce a bar shi ya je shi kaɗai da kalangunsa ya wasa ta, bai taɓa ganin mai mulkin da kirari bai sa ya saki fuska ba. Yarinyar tambaya ɗaya ta turo: kyanwar tana da 'ya'ya?

Sun kaɗa ƙuri'a, maroƙi ya samu uku, Auta ya ce zai bi shi a ɓoye da guduma ko an yarda ko ba a yarda ba. Kafin Asabar sai na zana cikin zauren, na ba yarinyar amsarta, na kuma san abin da kyanwa za ta nema a wurin ɓeraye in har maroƙin ya isa gabanta da ransa.